Kundin Julie Harris: Yadda Aikin Ke Tafiya

3 ga Fabrairu, 2025

Da Julie Harris, jarumar wasan kwaikwayo ta Amurka, tana raye, ranar 2 ga Disambar bana za ta cika shekara ɗari. Abu biyu ake so a kammala kafin ranar. Na farko jadawalin ayyukanta, daga 1945 da ta fara hawa dandamalin Broadway, cibiyar wasan kwaikwayo ta New York, a wasan It's a Gift, zuwa 2009 da fim ɗinta na ƙarshe ya fita. Na biyu shirin sauraro kashi huɗu, kowanne minti 25. Jadawalin za a fara gamawa, domin a kansa shirin zai tsaya.

Kowane aiki yana da layi guda mai gida tara: sunan wasa, marubuci, darakta, gidan wasa ko tashar talbijin, ranar buɗewa, ranar rufewa, yawan wasannin da aka yi, rawar da ta taka, sai abin da ya saura. Gida na tara shi ne mai wuyar cikawa, kuma dominsa ake wannan aikin. An raba shi daraja huɗu. Ta 1, akwai hoto mai motsi da murya na wasan yadda aka yi shi. Ta 2, an sake shirya wasan don fim ko talbijin kuma tana ciki. Ta 3, murya kaɗai. Ta 4, ba abin da ya rage sai hotuna, takardar shirin wasa da sharhin jaridu.

17 ga Fabrairu

An fara da shara. Julie Harris biyu ne a harkar, kuma ana yawan cakuɗa su. Ɗayar 'yar Ingila ce mai tsara tufafin fim, an haife ta a 1921, ta rasu a 2015, ita ce ta ci lambar Oscar da fim ɗin Darling na 1965. Tamu ba ta taɓa cin Oscar ba. Sau ɗaya aka sa ta a takara, da fim ɗin The Member of the Wedding na 1952, Shirley Booth ta ɗauke. Saboda haka duk layin da aka ga sunan a ƙarƙashin tufafi, cire shi ake yi ba tare da wata muhawara ba. Akwai kuma Barbara Harris da Rosemary Harris, 'yan zamani ɗaya da ita, kowacce ta ci Tony, babbar lambar wasannin Broadway, kuma ba dangin juna ba ne.

Wajen haihuwa: wasu sun rubuta Grosse Pointe, wasu Grosse Pointe Park. Ƙananan garuruwa ne maƙwabtan juna a gefen Detroit, jihar Michigan. A jadawali an sa Grosse Pointe Park. A shirin sauraro za a ce "unguwar masu hali a gefen Detroit", ya wadatar da mai sauraro. Cikakken sunanta Julia Ann Harris. Mahaifinta ma'aikacin harkar zuba jari ne, mahaifiyarta malamar jinya. Karatun wasa ta yi shi a sansanin Perry-Mansfield da ke Steamboat Springs a Colorado, ta yi shekara guda a makarantar wasan kwaikwayo ta Yale, daga baya ta shiga Actors Studio, cibiyar horar da 'yan wasa a New York. Daga can ne darakta Elia Kazan ya sa ta a Sundown Beach a 1948. Wasan bai daɗe ba, amma masu sharhi sun riƙe sunanta.

6 ga Maris

Rikicin shekaru. Kusan duk saɓanin da ake gani tsakanin madogara daga wuri ɗaya yake fitowa: wani ya ɗauki shekarar da aka buɗe wasa, wani ya ɗauki shekarar da aka ba da lamba. Kakar wasannin Broadway ba ta bin kalanda. Tana ƙarewa ne a watannin Maris zuwa Afrilu, don haka wasan da aka buɗe a ƙarshen shekara lambarsa sai shekara mai zuwa. An ƙara wa jadawalin gida na goma domin shekarar lamba, ga yadda lambobin Tony biyar ɗinta suka zauna:

I Am a Camera, an buɗe 28 ga Nuwamba 1951, lamba 1952.
The Lark, 17 ga Nuwamba 1955, lamba 1956.
Forty Carats, 26 ga Disamba 1968, lamba 1969.
The Last of Mrs. Lincoln, 12 ga Disamba 1972, lamba 1973.
The Belle of Amherst, 28 ga Afrilu 1976, lamba 1977.

Na ƙarshen nan ya fi ruɗa mutane. An buɗe shi bayan an riga an rufe lissafin kakar, sai ya faɗa kaka ta gaba, lambar ta zo fiye da shekara guda bayan daren farko, lokacin da wasan ya daɗe da barin Broadway.

Sau goma aka sa ta a takarar Tony. Biyar ɗin da ba ta ci ba su ne Marathon '33, Skyscraper, The Au Pair Man, Lucifer's Child da The Gin Game. Ta 2002 lambar girmamawa ce ta tsawon aiki, ba a yi takararta da kowa ba, don haka ba a haɗa ta da biyar ɗin. Idan mai gabatarwa ya ce "shida" kawai, ya shigar da ita sahun Audra McDonald, wadda ta ci shida na takara ta kammala su a 2014. Angela Lansbury ce ta fara kamo ta a biyar, a 2009.

24 ga Maris

An cika layin The Member of the Wedding. An buɗe 5 ga Janairu 1950 a gidan wasa na Empire, Carson McCullers ta rubuta daga littafinta, Harold Clurman ya ba da umarni, an yi wasa 501. A Broadway sau takwas ake wasa a mako. Raba 501 da takwas ya ba da mako 62 da 'yan kai, wanda ya yi daidai da rufewa a tsakiyar Maris 1951. Wannan lissafin yanzu ya zama gwajin kowane layi: idan yawan wasanni bai yi daidai da tazarar ranakun ba, to ko an haɗa da wasannin gwaji da ake yi wa 'yan kallo kafin daren buɗewa, waɗanda ba a ƙirga su, ko an tafi hutu a tsakiya, ko ɗaya daga cikin ranakun ba daidai ba ce.

Tana da shekara 24 ta fito a Frankie Addams, yarinya 'yar shekara 12 a wani ƙaramin gari na kudancin Amurka, wadda ta ƙudurta sai ta bi wanta da amaryarsa duk inda za su. Yawancin wasan a kicin yake, mutum uku a tebur: ita, Ethel Waters a matsayin Berenice mai dafa abincin gidan, da Brandon deWilde yana ɗan shekara bakwai. Daga wasan dandamalin babu hoto mai motsi. Abin da ke akwai fim ɗin Fred Zinnemann ne na 1952, da mutum ukun duka. Daraja ta 2 ke nan.

A nan ya kamata mai rubuta shirin ya yi hattara. Abin da ɗan kallo ke gani daga layi na goma sha biyar daban yake da abin da kyamara ke gani idan ta matso fuska. A dandamali tsayin jiki, aski, gudu da yadda take jefa ƙafa su ne suka mai da ita yarinya. A fim kyamara ta nuna mace 'yar shekara 26, kuma muryar da aka horar don ta kai kujerun baya ta yi wa makirfo yawa. Wanda ya kalli fim ɗin ya ce ta cika ihu, ba wasan ya gani ba, ya ga sawunsa ne. Za a faɗi haka a kashi na ɗaya, a taƙaice, kafin a taɓo fim ɗin.

Gidan Empire kansa an rushe shi a 1953. Morosco, inda aka yi Forty Carats, an rushe shi a 1982. ANTA na The Last of Mrs. Lincoln yana nan, amma sunansa yanzu August Wilson. A jadawali sunan lokacin wasan ake rubutawa.

9 ga Afrilu

Dokar da ta fito daga layin Forty Carats: yawan wasannin shiri ba yawan wasannin jaruma ba ne. An yi shi sau 780, amma ta bar shi tun bai rufe ba, wasu suka gaje ta, ciki har da June Allyson da Zsa Zsa Gabor. An raba gida na bakwai biyu, "na shiri" da "nata". Inda babu ranar da ta fita a takardar da za a dogara da ita, gidan "nata" yana zama babu komai.

An kuma lura da yawan rawar da ta fara takawa wata ta ɗauke a fim. Forty Carats na 1973 Liv Ullmann aka ba. A Shot in the Dark, wanda ta yi a 1961 da Walter Matthau da William Shatner, an juya shi gaba ɗaya ya zama fim ɗin barkwanci na Peter Sellers a 1964. Sally Bowles ta I Am a Camera ita ta fara fito da ita, ta kuma maimaita a fim ɗin Ingila na 1955, amma da labarin ya zama Cabaret, duniya ta san rawar da fuskar Liza Minnelli. Irin waɗannan duka ba sa ɗaga darajar layinta. Forty Carats yana nan a ta 4.

2 ga Mayu

An shiga sashen talbijin, wanda shi ne ya fi cin lokaci kuma ya fi ban sha'awa.

A shekarun 1950 manyan wasannin talbijin na Amurka kai tsaye ake yin su daga New York. A yi makonni ana atisaye, daren wasa kyamarori uku ko huɗu su bi 'yan wasa daga wannan ɗaki zuwa wancan, babu tsayawa, babu a sake. Wanda ya saba da dandamali shi ya fi dacewa da wannan, shi ya sa ta yi fice a shirin Hallmark Hall of Fame na tashar NBC, yawanci a hannun darakta George Schaefer. Layukan da aka cika zuwa yau: The Lark, 10 ga Fabrairu 1957, da Boris Karloff wanda ya yi shi da ita a dandamali. Little Moon of Alban na James Costigan, 24 ga Maris 1958, da Christopher Plummer, wanda ya ba ta Emmy, lambar talbijin, karo na farko a 1959. Johnny Belinda a 1958. A Doll's House a 1959. Victoria Regina, 30 ga Nuwamba 1961, Emmy ta biyu a 1962. Pygmalion a 1963. The Holy Terror a 1965, inda ta fito a Florence Nightingale. Anastasia a 1967 da Lynn Fontanne.

Little Moon of Alban layi uku yake ci, kada a haɗe su: na talbijin a 1958, na Broadway a 1960 wanda bai yi nisa ba, da na talbijin karo na biyu a 1964 da Dirk Bogarde. Duk hoton da aka gan ta cikin kayan matan coci masu jinya, sai an duba namijin da ke gefenta kafin a sa masa shekara.

Me ya saura daga wasan da aka yi kai tsaye? Kafin tef ɗin bidiyo hanya ɗaya ce, kiniskof: a kafa kyamarar fim a gaban allon talbijin ta ɗauki abin da ke fita. Ba don tarihi ake yi ba. Tsakanin New York da California akwai tazarar awa uku, kuma akwai tashoshin da waya ba ta kai musu ba, su ake ɗaukar wa. Ingancinsa yana faɗuwa ta hanyoyin da aka sani, kuma dole mai duba kwafe ya san su don kada ya ɗora wa jaruma laifin na'ura:

Talbijin ɗin Amurka hoto 30 yake fitarwa a daƙiƙa, wato rabin hoto 60, fim kuwa 24 yake ɗauka. Daga cikin sittin ɗin 12 zubar da su ake yi. Motsi mai sauri, kamar juya kai ko ɗaga hannu, sai ya zama yana tsalle. Idan murfin kyamara bai daidaita da allon ba, wani layi yana bayyana a tsakiyar hoto. Fari yana ƙonewa, baƙi yana cushewa, abin da ke tsakani ya ɓace, kuma a tsakanin nan fuska take. Baƙin zoben da ake gani kewaye da abu mai ƙyalli, kamar kyandir ko sulke, daga kwalbar kyamarar talbijin ta lokacin yake, ba daga fim ba. Gefunan hoto suna yankewa. Sannan yawancin kiniskof baƙi da fari ne, ko da an watsa shirin da launi, kuma NBC tana cikin waɗanda suka fara watsa irin waɗannan wasanni da launi.

Lissafin tsayi don gane ko kwafe cikakke ne: fim mai faɗin milimita 16 yana cin ƙafa 36 a minti. Shirin minti 90 ya kama ƙafa 3,240 idan da tallace-tallacensa. Kwafen da ya gaza haka da yawa, ko an cire talla ko an rasa faifai guda.

20 ga Mayu

Ci gaban na sama. Kamfanin Ampex ya fito da na'urar tef a 1956, tef mai faɗin inci 2 da kawuna huɗu masu juyawa. Hoto ya gyaru sosai. Sai dai tef ɗin yana da tsada kuma ana iya goge shi a sake ɗauka, don haka tashoshi suka yi ta gogewa. Abin mamakin shi ne shiri na 1955 yana iya rayuwa a kiniskof, na 1962 ya ɓace don a tef aka ɗauke shi. Shekara ba ta nuna abin da ya tsira.

Wanda ya tsira ma yana da cutarsa. Fim ɗin roba idan ya sha zafi da laima yana fara warin tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe. Tef kuma abin da ke riƙe garin maganaɗisun yana shan laima ya yi danƙo, ya toshe kan na'ura. Masu adana kaya sukan gasa shi a zafi maras yawa, kusan digiri 50 zuwa 55, na tsawon sa'o'i, sannan su kwafe shi nan da nan kafin danƙon ya dawo.

Wuraren da irin wannan kaya yake taruwa guda huɗu ne aka sa a jerin tambaya: ma'ajiyar fim da talbijin ta jami'ar UCLA, wadda ke riƙe da tarin Hallmark Hall of Fame; Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, wanda ya karɓi tarin kiniskof na NBC; cibiyar Paley a New York; da sashen wasan kwaikwayo na ɗakin karatun birnin New York da ke Lincoln Center. Wannan na ƙarshe shi ke ɗaukar wasannin dandamali a bidiyo, amma Betty Corwin ta fara wannan aikin ne a 1970, kuma a cikin ginin ake kallo, ba a fita da su. Ma'anar wannan a jadawalinmu a fili take. Shekara 25 na farkon aikinta a dandamali, da lambobin Tony uku, sun wuce kafin a fara ajiyewa.

11 ga Yuni

Gargaɗi ga mai haɗa sauti. Kwafen da ya bi ta tsarin talbijin na Turai, wanda shi ne namu a Najeriya da Ghana, hoto 25 a daƙiƙa, yawanci ana hanzarta fim ɗin ne daga 24 zuwa 25. Saurin ya ƙaru da kashi 4 cikin ɗari da ɗoriya. Fim na minti 100 ya ƙare a 96, murya kuma ta ɗan yi sama. Ga yawancin 'yan wasa kunne ba ya kamawa. Ita muryarta siririya ce, mai ɗan karkarwa da dushewa a ƙasa, kuma wannan dushewar ce ke tafiya idan an hanzarta. Kafin a yi amfani da kowane yanki, a gwada tsayin kwafen da tsayin fim ɗin na asali. Idan ya gaza da kashi huɗu, a mai da shi 24.

Maganar izini ba ta warware ba. Har sai ta warware, rubutun shirin ana yin sa ne kamar ba za a sa muryarta ko sau ɗaya ba. Idan izini ya zo, a buɗe gurbi.

30 ga Yuni

Finafinai an wuce su da sauri, don su ne kowa ke iya samu. East of Eden na Kazan, 1955, ta fito a Abra tare da James Dean, kuma sunanta ne a sama da nasa a jerin 'yan wasa, abin da mutane ke mantawa tun bayan mutuwarsa a Satumbar shekarar. Requiem for a Heavyweight, 1962. The Haunting na Robert Wise, 1963, an ɗauke shi a Ingila. Harper, 1966. Reflections in a Golden Eye, 1967. The Hiding Place, 1975. Gorillas in the Mist, 1988. Minti biyar aka ware musu duka a shirin.

18 ga Yuli

The Belle of Amherst. William Luce ya rubuta, Charles Nelson Reilly ya ba da umarni, gidan Longacre, wasa 116 a Broadway, sannan ta yi ta yawo da shi gari gari har shekaru. Ita kaɗai ce a dandamali daga farko har ƙarshe, a matsayin marubuciyar waƙoƙi Emily Dickinson, wadda ta rayu daga 1830 zuwa 1886 a Amherst ta jihar Massachusetts, ta rubuta waƙoƙi kusan 1,800, kuma kusan goma kacal aka buga tana raye. Mutanen gidan, uba, ƙanwa, wa, baƙi, duk daga bakinta da inda ta juya ido ake gane su.

Wannan layin ne mafi cika a jadawalin. Tashar PBS ta ɗauke shi ta watsa a ƙarshen 1976, akwai kuma faifan murya wanda ya ci lambar faifai ta Grammy a 1978. Don haka shi ne ma'aunin sauran: a nan kaɗai ake iya ganin yadda take riƙe ɗaki, inda take dakatawa, yadda take shiga waƙa daga hira ba tare da ta sauya murya ta yi shelar cewa ga waƙa ta zo ba. Daga nan ake komawa baya a karanta sharhin 1951 da na 1955 a fahimci abin da masu sharhin ke nufi. The Last of Mrs. Lincoln ma an sake shirya shi don talbijin a 1976, daraja ta 2. A dandamali bai wuce wata biyu ba, duk da haka ta ci lamba da shi, wanda ya isa ya nuna cewa tsawon zaman wasa ba shi ne awon aikin jaruma ba.

Wani abu da jadawalin ya fito da shi da kansa da aka jera rawar a gida ɗaya: matan tarihi sun yi yawa. Joan ta Faransa a The Lark, Sarauniya Victoria, Nightingale, Mary Todd Lincoln, Dickinson, sai Isak Dinesen a Lucifer's Child na 1991, shi ma Luce ya rubuta. Da aka ƙara aikin murya sai jerin ya ƙaru: Mary Chesnut a shirin Ken Burns kan yaƙin basasar Amurka a 1990, da Susan B. Anthony a Not for Ourselves Alone na 1999, wanda ya ba ta Emmy ta uku a 2000. Kashi na uku a kan wannan zaren za a ɗora shi.

12 ga Agusta

Muhawara kan Knots Landing, kuma an yanke. Shirin tashar CBS ne mai dogon zango, reshen shirin Dallas, ya gudana daga 1979 zuwa 1993. Ta fara leƙowa a 1980, ta zauna daga 1981 zuwa 1987 a matsayin Lilimae Clements, uwar Valene da Joan Van Ark ta taka, kuma uwar Joshua da Alec Baldwin ya taka yana matashi. A farkon wannan zangon ne ta yi fama da sankarar mama, ta ci gaba da aiki.

Idan aka auna da sa'o'in bidiyo, wannan shirin ya rinjayi duk sauran ayyukanta a haɗe, kuma yawancin Amurkawan da suka san fuskarta a nan suka san ta. Idan aka bar abin da ke hannu ya raba lokaci, zai cinye rabin shirinmu, The Lark mai wasa 229 ta samu jimla biyu. Ba a yarda da haka ba. An ba shi minti shida a kashi na huɗu. Ba raini ba ne, aikin nata a ciki mai kyau ne, kuma shi ya ba ta albashi tabbatacce na shekaru, abin da dandamali ba ya bayarwa. Amma ana barin sa ta koma hanya: Driving Miss Daisy da Brock Peters daga 1988, gari gari, sannan The Glass Menagerie a New York a 1994.

Sauran na talbijin layi ɗai ɗai: Thicker Than Water a 1973, The Family Holvak da Glenn Ford a 1975, dukansu ba su yi tsawon rai ba, da fitowarta a Columbo a 1973 tare da Donald Pleasence.

4 ga Satumba

Tarko a The Gin Game na D. L. Coburn. Nata shi ne na 1997 da Charles Durning, a gidan Lyceum, Reilly ne darakta, kuma shi ne wasanta na ƙarshe a Broadway. Na asali na 1977 Jessica Tandy da Hume Cronyn ne. Na PBS na 2003 Mary Tyler Moore da Dick Van Dyke ne. Bidiyon da ke yawo na waɗancan ne, kada a ɗora shi a layinta.

22 ga Satumba

Shekarun ƙarshe. A Mayun 2001 tana Chicago tana wasan Fossils na Claudia Allen a gidan Victory Gardens, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, ya taɓa maganarta. Daga nan dandamali ya kusan ƙarewa. Ta fito a ƙananan finafinai uku bayan haka: The Way Back Home a 2006, The Golden Boys a 2008, The Lightkeepers a 2009. Lambar ƙasa ta fasaha ta karɓe ta tun 1994. Girmamawar Kennedy Center ta zo a 2005, tare da Tony Bennett, Suzanne Farrell, Robert Redford da Tina Turner. Ciwon ya sake dawowa a 2010. Ta rasu 24 ga Agusta 2013 a gidanta da ke West Chatham, Massachusetts, da ciwon zuciya, tana da shekara 87. Aurenta uku an ambace shi da jimla ɗaya, iyalinta ba a shiga maganarsu ba.

15 ga Oktoba

Rubutun kashi na ɗaya da na biyu ya kammala, an karanta su da agogo. Mai gabatarwarmu tana cin kalma 130 zuwa 140 a minti, don haka minti 25 da kiɗa da numfashi bai ɗaukar fiye da kalma 3,000. Kashi na biyu ya haura da kusan minti uku. Bayanin kiniskof aka rage, aka bar abu biyu kawai: dalilin da ya sa ake ɗauka, da dalilin da ya sa fuska ke ɓacewa. Sunayen wasanni ma an rage, kunne ba ya riƙe fiye da huɗu ko biyar a zama ɗaya, sauran suna jadawali.

Abin da ya rage kafin 2 ga Disamba: layukan yawon gari gari na bayan 1977, waɗanda sai an bi jaridun kowane gari, layin Stratford ta Kanada, inda ta fito a Juliet a 1960, wasanninta na kai tsaye na kafin 1956 a shirye-shiryen da ba na Hallmark ba, rubutun kashi na uku da na huɗu, da amsar izinin murya. Ɗaukar kashi na ɗaya an sa shi makon farko na Nuwamba.